Idon Wanda Ba Ya Iya Kai Kuka

Makaho yana da gurbi a rayuwar Bahaushe. Yana da sanda, yana da ɗan jagora, a garuruwa da dama har sarkin makafi gare su. Amma akwai wani rukuni a zangunanmu da duhu ke rufe wa ido ba tare da mun ankara ba, wato waɗanda Allah ya jarrabta da raunin fahimta tun daga haihuwa.

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To ina ga mai ɗakin da ba shi da kalmomin bayyana yoyon? Mai cikakkiyar basira, idan ganinsa ya soma dusashewa, zai ce a kai shi asibiti. Wannan kuwa sai dai halinsa ya sauya. Yaron da ke zuwa aike shagon bakin layi sai ya toge a ƙofar gida. Wadda ta saba cika buta da kanta sai ta riƙa zubar da ruwa a ƙasa. Wani ya ƙi tsallaka kwata, ya ji tsoron inuwa, ya zabura idan an taɓa shi, ko ya kai wa mai taɓawar duka, domin bai ga tahowar hannun ba. Mu kuma sai mu yanke hukunci cewa lalurar ce ta ƙaru, ko iska ce ta shige shi. A nemo hayaƙi da rubutu, wani lokaci ma a ɗaure shi a ɗaki. Ido kam ba wanda ya tuna da shi.

Asarar ta fi yadda muke zato nauyi. Irin wannan bawan Allah da kallo yake koyon kusan komai: alwala, sanya riga, cin tuwo, bin sahu a masallaci. Da fuska yake gane ko uwa ta yi murna ko ta yi fushi. Idan gani ya tafi, abin da iyaye suka yi shekaru suna koyarwa sai ya zube cikin 'yan watanni, ya koma sai an ciyar da shi, an kai shi bayan gida. Nauyin kuwa kan uwa ko yaya mace yake sauka.

Likitoci sun daɗe da sanin cewa matsalar ido ta fi yawa a cikin waɗannan mutane. Masu lalurar Down, alal misali, yanar ido kan kama su da wuri, wasu ma da ita ake haifar su. Harara-garke da buƙatar tabarau sun yawaita a cikinsu, kuma fatar gaban ƙwayar idonsu takan sirance ta yi tsini, abin da yawan murza ido ke tsanantawa. Wanda ke buga kansa da bango kuma yana iya ɓanɓare shimfiɗar gani da ke can cikin ido.

Uzurin da muka fi kawowa shi ne bai san baƙi ba, yaya zai karanta allon gwaji? Wannan uzuri ba shi da ƙafa. Akwai alluna masu hotuna maimakon haruffa, akwai kuma fitilar da ma'aikaci ke haska ido da ita ya auna tabarau ba tare da majiyyaci ya ce uffan ba. Da ita ake auna jarirai.

A nan Ghana, dokar naƙasassu ta 2006 ta tanadi haƙƙinsu na kiwon lafiya. Katin inshorar lafiya na ƙasa ya ƙunshi awon ido da aikin cire yana, ko da yake tabarau sai an saya da kuɗin aljihu, kuma a nan ne ya kamata asusun masallatai da ƙungiyoyinmu na zumunci su shigo. Mutanen Kumasi suna da sashen ido a asibitin Komfo Anokye, na Accra suna da na Korle Bu.

Kada mu jira ya yi ƙorafi, domin ba zai yi ba. A kai shi awo lokaci-lokaci, tare da wanda ya fi sabawa da shi, a kuma shaida wa likita sauyin halin da aka lura da shi. Idan an ba da tabarau ya cire ya jefar, a bi shi da lallami, 'yan mintoci yau, ƙari gobe. Wanda ganinsa ya riga ya tafi kuwa, a bar tabarmarsa da butarsa inda ya san su, a janye kurfoti daga hanyarsa, a kuma kira sunansa kafin a taɓa shi.