Salula za ta kai likita ƙauye, amma wa zai kai maganin?

Tun 2021 ake gashin ciwon daji a Yamai, kuma ci gaba ne. Sai dai daga Damagaram zuwa can kusan kilomita 900 ne. Wanda cutar ta riga ta ci jikinsa, likitoci sun ce saura rage masa raɗaɗi, me zai sa a ɗora shi a mota yini guda don ganawar minti goma? Iyali su sayar da akuya, shi kuma ya dawo a galabaice.

A nan ne nake goyon bayan duba majiyyaci ta salula. Ma'aikacin jinya na CSI ya zauna gefen tabarmarsa, ya kira likitan Yamai ta WhatsApp, ya nuna gyambon, a daidaita magani, a koya wa matar gida yadda ake juya shi don kada bayansa ya ruɓe. Inda rezo bai ɗaukar bidiyo, saƙon murya da hoto ma sun wadatar.

Amma kada a ruɗe mu da kwamfutoci. Zafin ciwon daji in ya yi tsanani, farasitamol ba ya taɓa shi, sai morfin, kuma morfin ba ya bin waya. Tun 2004 Yuganda ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi, ana haɗa na ruwa mai arha cikin ƙasar. Ma'aikatar lafiyarmu ta fara daga nan: izini, horo, da rajistar da za ta hana maganin zurarewa kasuwa kamar yadda tramol ya yi.