Masu gyaran da ke cikin ƙwayar maleriya

A 2015 lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai ta je ga Lindahl da Modrich da Sancar, waɗanda suka bayyana yadda ƙwayar halitta ke gyara DNA ɗinta. A shekarar kuma Tu Youyou ta Sin ta samu ta likitanci saboda atemisinin. Labaran biyu suna haɗuwa a shagunan kemis na Fagge.

Plasmodium falciparum, wadda ke jawo zazzaɓin cizon sauro mafi kisa, tana zaune cikin jajayen ƙwayoyin jini tana cin himogulobin. Wannan ci yana sakin sinadarin him mai ɗauke da ƙarfe, kuma shi ne ke kunna atemisinin ya zama guba mai lalata furotin, har da DNA. Sai dai ƙwayar tana da masu ɗinki, wato enzayim. Wasu suna cire harafin da ya lalace su maye gurbinsa. Idan zaren ya tsinke gaba ɗaya, Rad51 kan nemo inda ya yi kama da shi a kwafo daga can. Abin mamaki, ba ta da hanyar gaggawar da jikinmu ke bi wajen liƙa tsinkakkun bakuna biyu, kuma masana na kallon wannan giɓi a matsayin wurin da sabon magani zai iya kai hari.

Cikakken magani yana yin ɓarnar da ta fi ƙarfin masu ɗinki. Rabin magani, ko jabu mai ƙarancin sinadari, yana barin wasu ƙwayoyin da rai, kuma masu taurin kai ne ke hayayyafa. Kulorokwin ya riga ya ƙare mana, har Nijeriya ta koma haɗin atemisinin a 2005. An kuma tabbatar da sauyin halittar kelch13 mai rage kaifin atemisinin a Ruwanda da Yuganda.

Shi ya sa nake goyon bayan matsin da aka yi wa dillalan maganin Sabon Gari a 2024 su koma Dangwauro, inda NAFDAC za ta fi sa ido. Amma sauya wa dillali mazauni bai taɓa mai kemis ɗin da ke yanka katin Coartem ya sayar da na kwana ɗaya ba, don kuɗin mai saye ke nan. Shan sau shida ne cikin kwana uku. Hukumar PCN ta hana yanka kati, gwamnatin Kano kuma ta sassauta farashin cikakkensa a asibitocin unguwa.