Wa ke aika wa mai aikowa?

Tsofaffin ma'aikatan gwamnati da suka yi zama a jihar Tawa, da ƴan kasuwar da ke bin kasuwannin ƙauye, ba za su manta da wasu baƙi ba. Samari ne da ƴan mata, anasaru, rana ta toya masu fata, suna sanye da atamfa ko ƴar shara, suna amsa sunan Hausa da ƙauye ya raɗa masu. Sukan shigo motar kasuwa a matse tsakanin buhunan gero da akuyoyi, su yi yini guda a hanya, kuma abin da ya fito da su sau da yawa bai wuce tambaya ɗaya ba: ko an aiko masu da takarda daga gida?

Ƴan sa-kai ne na ƙungiyar Corps de la Paix ta Amurka, wadda shugaba Kennedy ya kafa a 1961, ta kuma iso Nijar a 1962. Fiye da mutum 3000 suka yi aiki a ƙasar nan ƙarƙashinta. Bayan horon harshe a Hamdallay, kusa da Yamai, akan kai kowa ƙauyensa ya yi shekara biyu, a ɗakin laka, ba lantarki, ba famfo, yana aikin gona, ko na kiwon lafiya, ko dashen itatuwa. Jafanawa da Faransawa da Jamusawa su ma sun aiko da nasu matasan.

Takardar da uwa ta jefa a akwati a Amurka sai ta yi makonni kafin ta zo hannu. Jirgi ya sauke ta a Yamai, mota ta ɗauko ta fiye da kilomita 400 zuwa Birnin Ƙonni, inda ƙungiyar ke da masauki, ta zauna nan tana jiran ranar da mai ita zai fito daga daji. Gidan waya a Nijar ba ya bin mutum gida. Wanda ba shi da akwati sai ya ari na ofis, ko na makaranta, ko na wani attajiri. Saboda haka iyayen suka koyi dabaru. Sukan sa wa kowace takarda lamba, ta 1, ta 2, ta 3, domin idan ta 7 ta zo bayan ta 5, ɗan ya san akwai wadda ta maƙale a hanya, ba mantawa aka yi da shi ba. Sukan fi son ambulan mai kauri da kwali, don kwali ya fi jan idon duwan. A ciki kuwa ba wata dukiya: hotunan ƙanne, tsofaffin jaridu, batir na rediyo, kaset, garin da ake damawa a ruwan sha, da alewar da zafin watan Afrilu ya narkar ta koma kunu. Yaran ƙauye ne suka fi cin ribar alewar.

Abin da ya riƙa ba dattawan ƙauye mamaki shi ne, ga yaro ya bar gida, ba ya aika wa iyayensa ko dala, amma su ne ke bin sa da aike.

Wannan zamani ya wuce. A watan Nuwamba na 2009 wasu ƴan bindiga suka yi yunƙurin sace ma'aikatan ofishin jakadancin Amurka a cikin garin Tawa. A watan Janairu na 2011 aka sace Faransawa biyu a Yamai, suka rasa rayukansu, cikin kwanaki kaɗan kuma ƙungiyar ta kwashe mutanenta duka. Sai dai mamakin dattawan nan ya cancanci a sake duba shi, domin Adar ba ta rasa nata ƴaƴan a ƙasashen waje ba. Ta ma fi kusan kowane yanki na Nijar yawansu.

A ɗauki Bambai, kudu maso yamma da Tawa, gundumar da ƙidayar 2012 ta samu fiye da mutum dubu 100 a cikinta. Da wuya a shiga gida a can ba a tarar da wanda ya tafi biɗa ba. Ƙasar fako ce da duwatsu, damina gajera, rumbu ba ya kai gida wata damina. Da an gama kaka sai maza su kama hanya: Abijan, Legas, Kwatano, Kamaru, Gabon, Libiya, Aljeriya. Abincin nan da mutanen Abijan ke kira garba, atceke da soyayyen kifi, ƴan Nijar ne suka shahara da sayar da shi har ya ɗauki sunan Bahaushe. Wani ya dawo kafin shuka, wani ya yi shekara uku, wani ɗansa ya fara tafiya bai san fuskarsa ba. Ba ƙungiyar da ta aike su, ba wanda ya koya masu harshe kafin su isa. Amma in ana maganar wanda ya bar jin daɗinsa don wasu su ci, to su ma ƴan sa-kai ne, gida kawai suke yi wa.

A da, takarda tsakanin Bambai da Abijan aiki ce ta mutum uku: mai faɗa, mai rubutawa, mai ɗauka. Malam ya rubuta da ajami, ko ɗan lakwal ya rubuta da Faransancin da ya samu, a can kuma a nemi wani ya karanta. Rabin takardar gaisuwa ce, gida-gida, har da labarin wace saniya ta haihu da wace rijiya ta ƙafe. Sauran rabin kunya ta cinye shi. Uwar da ba ta faɗin sunan ɗanta na fari ba za ta zauna gaban yaron maƙwabta ta ce tana kewarsa ba. Matar aure kuwa balle. Kaset ne ya zo ya ɗan kwance masu baki. Akan taru da dare a kewaye rediyo, tsoho ya fara, ƴan'uwa su bi, daga ƙarshe a bar wa tsohuwa ita kaɗai, ta ce: "Yaro, ka ci abinci, ka riƙe salla, kada ka damu da mu." A naɗe kaset ɗin cikin tsumma tare da ɗan kilishi da ƙullin yaji, a ba mai tafiya. Wanda ya karɓa yakan saurare shi har zaren ya tsinke.

Kuɗi kuwa ba su taɓa rasa hanya ba. An yi zamanin manda ta gidan waya, tun yana OPT kafin ya koma ONPE, daga baya Niger Poste. Ƴan kasuwa sun san wadda ta fi ta sauri, tunda su suka shimfiɗa ta: a ba Alhaji kuɗi a Ajame, a karɓi buhun gero a shagon ƙanensa a Tawa, ba takarda, ba tambur, sai amana. Salula ta shigo a farkon shekarun 2000, kamfanonin aika kuɗi irin su Al Izza da Nita da Amana suka buɗe rassa har cikin ƙananan garuruwa. Abin da ke cin wata yanzu ba ya cin sa'a guda.

A nan ne kuma aka yi hasarar da ba a lura da ita ba. Da hanya ta yi sauƙi, sai ta koma mai zuwa gefe ɗaya. Saƙon murya na WhatsApp ya gaji kaset, amma bai gaji halinsa ba. Gaisuwar ta taƙaice, buƙata ta miƙe: hatsi ya ƙare, za a yi suna, ragon layya, kuɗin magani, rufin ɗaki. Akwai samarin da gabansu ke faɗuwa in suka ga lambar gida, akwai masu kashe waya mako guda don ba su da abin da za su ce. Wanda ya yi ciwo a Abobo ko aka kulle shi a Sabha yakan ɓoye, don ya san ba labarinsa ake jira ba. Rikicin Kwadibuwa na 2002 da yaƙin Libiya na 2011 sun dawo da dubban mutane hannu wofi, kuma da yawa cikinsu kunyar shiga gida ta fi masu wahalar hanya ciwo.

Za a ce, kuma da gaskiya, iyayen anasara masu hali ne, ɗansu ganin dama ya fitar da shi, alhali talauci ne ya kori ɗan Adar. Wanda rumbunsa ya ƙare me zai aika? Amma alewar da ta narke da jaridar bara ba arziki ba ne. Abin da ke cikin ambulan ɗin shaida ce cewa an zauna, an tuna, an ɓata lokaci saboda mutum. Wannan kuwa Adar tana da shi fiye da Amurka, kuma abin da ɗanta ke marmari a bakin teku duk yana cikin kasuwar Lahadi ta Tawa: cuku, gabu, busasshiyar kuɓewa, kuka, daddawa, ƙuli-ƙuli, yajin da hannun Inna ya daka. Mai dukan ƙirji da miliyoyi a Tireshbil ma, in ya buɗe ƙullin daddawar gidansu, shiru yake yi.

Aiken yana da ƙa'idojinsa, tsofaffi sun san su, matasa sun fara mantawa. Busasshen abu kaɗai ke jure kwanaki a bayan mota. Kilishi a takarda ake naɗe shi, leda tana sa shi gumi ya yi fumfuna. Cuku kuma sai ya bushe ƙarau. A rubuta suna da lambar waya a waje, a sake rubutawa a ciki. Ma'aikacin da ɗansa ke karatu a Faransa ko Beljiyam, ko ɗan'uwansa ke aikin sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya a wata ƙasa, ya fara tambayar dokar wurin: ƙasashen Tarayyar Turai ba su yarda a shigar da nama ko kayan madara daga waje cikin kayan matafiyi ko ƙunshin gidan waya ba, Amurka ma tana da tsanani kan nama. Kilishi da cuku a filin jirgi za su tsaya, mai ɗauke da su ma yana iya shan tara. Tun bayan rufe iyakoki a 2023 kuma hanyoyin mota zuwa bakin teku suka sauya, gara a tambayi tasha kwana nawa kaya ke yi kafin a ɗaure su.

Ƙa'idar da ta fi duka nauyi ta shafi mai ɗauka. Kada a miƙa wa mutum ƙunshi a ɗaure. A buɗe a gabansa, ya gani, sa'an nan a ɗaure. Wanda aka tarar da ƙwaya a jakarsa a kan iyaka, ko a Jidda, ba ya kuɓuta da cewa saƙo ne aka ba shi. Ba rashin yarda ba ne, kare mutuncin juna ne, kuma dattijon kirki shi ke fara kwance ƙullinsa kafin a roƙe shi.

Cikin Oktoba da Nuwamba, in an gama ɗaurin gero, motoci za su sake cika a tashoshin Tawa. Kowane saurayin da zai hau ya san ɗakin da ƴan garinsu ke kwana a Ajame ko a Agege, ya san wanda ya shekara huɗu bai zo ba. Jakarsa ba ta rasa wurin ƙulli ɗaya, wayarsa kuma tana ɗaukar muryar tsohuwa ta minti goma, wadda ba a ambaci kuɗi a cikinta ba.