A Duba Mota Don Allah, Ba Don Takarda Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mararrabar Sheme da hantsi, inda hanyar Ƙanƙara ta haɗu da babban titin da ya tashi daga Funtuwa zuwa Gusau, ya san cewa arzikin wannan yanki a kan taya yake tafiya. Masarar Sabuwa da Ɗandume, da audugar Daudawa, da shanun da ake kaiwa kudu, duk a bayan gingimari da tirela da kanta suke isa kasuwa. Saboda haka maganar lafiyar injin mota a nan ba ta makanikai ba ce su kaɗai. Magana ce ta abinci, da dukiya, da kuma rai.

Abin da ya tayar da wannan zance shi ne wani al'amari da ya faru a Amurka. A watan Afrilu na 2025 kamfanin General Motors ya yi shelar cewa a komo masa da motoci kusan 600,000 a cikin ƙasar, waɗanda aka ƙera daga 2021 zuwa 2024. Manyan a-kori-kura ne da manyan jif masu injin lita 6.2, irin su Chevrolet Silverado da Tahoe da Suburban, da GMC Sierra da Yukon, da Cadillac Escalade. Laifin yana cikin karanshaf da sandunan da ke haɗa shi da fistin, kuma yana iya sa injin ya buga ana cikin gudu. Kamfanin ya ce za a duba kowace mota kyauta. Wadda ta faɗi a binciken za a gyara ko a sake mata inji. Wadda ta haye kuwa za a juye mata baƙin mai mai kauri, wato 0W-40 maimakon 0W-20, a sake marfin mai, a sallame ta.

To, a nan ne gizo ya yi saƙa. Masu motoci da yawa ba su gamsu ba. Tambayarsu ita ce, in ƙarfen da kansa ne aka ƙera shi da aibi, yaya za a yi kaurin mai ya warkar da shi? Waɗansu sun kai ƙara kotu. A watan Janairu na 2026 kuma hukumar kiyaye lafiyar motoci ta Amurka ta sake buɗe bincike, domin ta sami koke-koken cewa akwai injunan da suka buga bayan an yi musu wannan gyara. Shi kuwa kamfanin Toyota, da ya sami ɓurɓushin ƙarfe a cikin injunan Tundra da Lexus LX wajen 102,000 a 2024, sai ya yanke shawarar sake injin kowace ɗaya daga cikinsu. Wannan hanya ta fi tsada nesa ba kusa ba, amma ta fi kwantar da hankalin mai mota, domin ba a bar masa wurin zato ba.

Mai karatu yana iya cewa ina ruwan Sheme da rigimar Amurka, tun da ba Silverado ke ɗaukar masara a Faskari ba. Ruwanta yana nan ta fuska biyu.

Ta farko, yawancin motocin da ke bin hanyoyin ƙasar nan kwance ne, an hau su a Turai ko Amurka kafin su iso ta Ikko ko Kwatano. Idan kamfani ya aika wa mai mota wasiƙa cewa akwai haɗari, wasiƙar tana zuwa ga mai ita na can, ba ga wanda ya saye ta a Kano ko Kaduna ba. Jakar iskan nan ta kamfanin Takata, wadda ta yi ta fashewa tana watsa ƙarafa a fuskar direbobi har kamfanin ya karye a 2017, an yi kiran miliyoyinta a duniya. Motoci irin waɗanda abin ya shafa, su Honda da Toyota na shekarun 2000, cike suke a tashoshin Arewa, alhali kuwa da wuya a sami mai sayarwa da zai nuna wa mai saye shaidar cewa an sake musu ita. A zamanin da ake harhaɗa Fijo a Kaduna, tun daga 1975, da manyan motocin Fiat a Kano da Steyr a Bauchi, mai mota ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Mai kwancen mota na yau ba shi da wannan gata. Daɗin daɗawa, manyan jif irin su Lexus LX ba baƙi ba ne a gidajen gwamnati, da kuɗin jama'a kuma ake sayensu.

Ta biyu kuwa ita ce muhimmiya. Abin da ya damu Ba'amurken nan shi ne abin da ke damun duk wanda ya hau motar haya a ƙasar nan: shin dubawar da aka ce an yi ta gaskiya ce? Doka ta wajabta wa mota takardar shaidar lafiya, akwai jami'an duba motoci, wato su bi'ayo, akwai kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya tun 1988. Amma takarda ba ta riƙe birki, ba ta kuma ɗaure kusa. Duk lokacin da aka buga hatimi ba a ɗaga bonet ba, an cuci mutum uku: direba, da fasinja, da jami'in kirki da ke aikinsa tsakani da Allah amma jama'a suka daina yarda da sa hannunsa.

A wannan yanki kuwa lalacewar mota ta wuce asarar lokaci. Jama'ar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun sha azabar 'yan bindiga shekara da shekaru, kuma ba a manta da ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara fiye da 300 da aka sace a watan Disamba na 2020 ba. Direban da injinsa ya buga tsakanin Sheme da 'Yankara bayan faɗuwar rana ya san cewa ba kuɗin gyara ne farkon abin da zai zo masa a rai ba.

Ba a ce duk laifin na hukuma ba ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai masu motocin da ke ɗora wa mota kayan da suka fi ƙarfinta, su sayi baƙin mai na algus don araha, su ƙi sauraron direba in ya ce inji ya sake murya, sai su ce a yi wannan lodi tukuna. Irin waɗannan ba su da bakin kuka.

Me ya kamata a yi? Dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018 ta ba hukumar tarayya da ke wannan aiki ikon sa a janye kayan da ke da haɗari. Kamata ya yi ta riƙa bin shelar kamfanonin waje tana sanar da jama'a da Hausa ta gidajen rediyo. Kowace mota tana da lambar casis mai haruffa da alƙaluma 17, kuma motar da ta fito daga Amurka ana iya duba lambarta kyauta a intanet a ga ko akwai gyaran da ba a yi ba. Wannan aiki ne na minti biyar da kowane ɗalibi mai waya zai iya yi wa mahaifinsa, kuma ya dace akawun da ke sabunta takardun mota ya riƙa yinsa. Ma'aikatun da ke saye wa gwamnati motoci su ajiye rajistar lambobinsu, su matsa wa dillalai su cika alkawari. Ƙungiyar direbobi da ta masu motocin sufuri da ta makanikai su ware wuri a Funtuwa inda za a riƙa duba manyan motoci kafin kaka ta kama, a rubuta wa mai mota abin da aka gani da abin da aka yi, da sunan wanda ya duba.

Yarda ba a neman ta da baki. Mai mota zai amince da bincike ne ranar da ya ga an tsayar da motar babban mutum saboda ta faɗi, an kuma saki ta talaka ba tare da ya ba da ko anini ba saboda ta haye. Allah ya kai matafiya gida lafiya.