Kaza Mai Shan Ƙwai: A Duba Kwanon Abincinta Kafin a Ɗauko Wuƙa

A gidaje da yawa, shari'ar kazar da aka kama da gwaiduwa a baki ba ta ɗaukar lokaci. Ko dai a ƙona mata tsinin baki da garwashi, ko uwargida ta ce ta lalace, a kai ta tukunya. Amma duk wanda ya ɗauki ɓawon ƙwan da aka fasa ya murza shi da yatsa, zai ga sau da yawa ya yi laushi fiye da ƙima. Matsalar daga kwanon abinci ta faro, kazar kuwa ita ce ta ƙarshe da ya kamata a tuhuma.

Ɓawon ƙwai da sinadarin kalsiyam ake gina shi, irin wanda ke cikin ƙashi da farar ƙasa, kuma kowane ƙwai ɗaya yana cinye kimanin giram 2 na wannan sinadari. Kaza na shafe awa 24 zuwa 26 tana haɗa ƙwai guda, wajen awa 20 daga ciki a kan ginin ɓawo, akasari cikin dare lokacin da ba ta cin komai. Idan abincin yini bai wadatar ba, jikinta kan tatso abin da ya rage daga ƙashinta. Shi ya sa abincin kajin ƙwai da ake sayarwa a buhu ke ɗauke da kalsiyam kusan kashi 4 cikin 100. Masara kuwa, abin da ke cikinta bai kai ko kashi 1 cikin 1,000 ba, kuma gero da dawa da dusa ba su fi ta da wani abin kirki ba.

Wani zai ce ai kakanninmu da dusa da tsaki suka yi kiwo, ba su ga haka ba. Gaskiya ne, amma kazar Hausa ƙwai 40 zuwa 60 take yi a shekara, tana yi tana hutawa, kuma yini take tana tono a bola da bayan gida, tana tsintar gara da ƙwari da ɓurɓushin ƙashi. Yanzu a gidaje da dama a Kano da Zariya da Gusau ana kiwon Noiler da Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta samar, da kajin gona da kan yi ƙwai sama da 250 a shekara. An sayo kaza mai aikin ninki huɗu ko biyar, an kulle ta a keji, ana ba ta cimar kazar ƙauye. Tsadar abincin buhu ta ƙara dagula lamarin, domin masu kiwo da dama sun koma gauraya shi da dusa don ya yi auki.

Daga nan sai ƙwai ya fito da ɓawo mai rauni, ya faɗi a daɓen siminti ko wata ta taka shi. Kaza ta ɗanɗana, ta ji garɗi. Kaji kuma masu kwaikwayon juna ne: ɗaya na gudu da ɓawo a baki, sauran na biye da ita. Nan da nan abin da ya fara da tsautsayi ya zama sabo.

Zafin bazara ma na da hannu. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, kaza tana haki, tana rage cin abinci, hakin kuma yana sauya yanayin jininta har ɓawo ya yi siriri. Ciwon Newcastle shi ma kan haddasa ƙwai mara ɓawon kirki, don haka rigakafi ba abin wasa ba ne.

Maganin ba shi da tsada. Masu sayar da kayan abincin kaji suna da garin ƙashi da niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa da ɓawon kawa. A zuba a wani kwano daban, kowace kaza ta ɗebi gwargwadon buƙatarta, musamman da yamma. Ɓawon ƙwan da mai shayi ke zubarwa ma yana aiki, muddin an wanke, an gasa, an daka shi har ya fita daga kamar ƙwai. Jefa musu shi ɗanye da rabi-rabi koyar da su ɓarna ne da hannun mai kaji.

Sai wurin saka ƙwai. Gurbi ɗaya ga kaji huɗu ko biyar, a lungu mai duhu, an shimfiɗa buntun shinkafa ko dusar katako mai kauri. Tsohon akurkin ƙasa, da ƙaramar ƙofarsa da duhunsa, ya fi kejin waya da ke tsakiyar rana dacewa da wannan. Yawancin kaji da safe suke sakawa, saboda haka wanda ya kwashe ƙwai da hantsi, ya sake leƙawa da azahar, ya rage fitinar sosai.

Masu cusa barkono a cikin ɓawo don kaza ta ji jiki ɓata barkononsu suke yi, domin tsuntsaye ba sa jin yajinsa kamar mutum. Ƙona baki da garwashi kuwa azaba ce da kan hana kaza cin abinci kwanaki, ƙwan ma ya tsaya. Ƙwan katako ko dutse mai santsi a gurbi ya fi amfani: ta sassara ta gaji, ta haƙura.

Kuma a tabbatar da mai laifi tukuna, don ɓera da guza da hankaka duk suna ɗauka a ɗora wa kaza. Wadda aka gani da ido, a ware ta ita kaɗai na mako guda tare da ƙwan katako. In ta dawo cikin 'yan uwanta ta ci gaba, to sabo da kaza ba ya hana yanka, gara ita ɗaya da ta koya wa garke duka. Sauran kuma a ci gaba da zuba musu garin ƙashi, a riƙa murza ɓawon ƙwansu lokaci-lokaci don a ga ko ya yi ƙwari.