Wasan Kwale-kwale a Ƙasar Daura: Ƙoshi Ne Ko Rigakafi?

 

Kwanakin baya wani bidiyo ya yi ta yawo a wayoyinmu. Wani Bature ne cikin ɗan mitsitsin jirgi ja, shi kaɗai, riƙe da filafili mai baki biyu, ruwa na wurgi da shi tsakanin duwatsu. Can sai jirgin ya kife, kansa ya koma ƙasa. Kafin mu gama salati ya murɗa jiki ya dawo sama, ya ci gaba da tuƙinsa. Da muka zauna hira bayan taron ƙungiyarmu ta marubuta, bakinmu ya zo ɗaya: wannan ƙoshi ne, sai wanda ya ci ya ture ke sayen ajalinsa da kuɗinsa. Muka yi dariya muka watse.

Amma da muka sake kallo a natse, sai dariyar ta ragu. Mutumin nan sanye yake da hular kwano da rigar hana nutsewa, ga abokansa biyu a bakin gaɓa riƙe da igiya. Ya shiga ruwan da ya fi namu haɗari nesa ba kusa ba, ya fito lafiya lau. Mu kuwa a ruwan da ke kwance luf muke rasa 'ya'yanmu.

Ba mu manta ba. A watan Mayun 2022, cikin kwanakin Ƙaramar Sallah, kwale-kwale ya kife a ƙaramar hukumar Mai'adua, mutum fiye da goma suka rasu, akasarinsu yara da suka fito yawon sallah. Watanni kaɗan kafin nan, a ƙarshen Nuwambar 2021, irin wannan ta faru a ruwan Bagwai da ke jihar Kano, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya a kan hanyarsu ta zuwa Mauludi. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Duk lokacin da haka ta faru sai a yi ta'aziyya, manya su kai ziyara, a ce yara su daina zuwa ruwa. Bayan wata guda kowa ya koma harkarsa, yaran ma su koma ruwansu.

Ra'ayinmu a wannan makon shi ne: tunda mun kasa raba yaranmu da ruwa, to mu koya musu shi. Hanya mafi sauƙi kuma ita ce mu mayar da tuƙin kwale-kwale wasa mai tsari da doka, kamar yadda muka yi wa ƙwallo da dambe. Mun san wasu za su ce mun zo da sabon salo. A yi mana haƙuri a ji hujjarmu.

Wancan jirgin na bidiyo sunansa kayak. Asalinsa ba abin wasa ba ne. Mutanen Inuwit na yankunan ƙanƙara, can arewacin Kanada da Girinlan da Alaska, su suka ƙirƙiro shi don farauta. Sukan haɗa ƙashin jirgin da itace ko ƙashin dabbar ruwa, su lulluɓe da fata, su bar ƙofa ɗaya daidai zaman mutum. Daga baya Turawa suka ɗauka suka mayar da shi abin shaƙatawa. Tseren irin waɗannan jirage ya shiga gasar Olamfik a 1936 a Balin, na cikin ruwa mai gudu da kumfa kuma ya shiga a 1972 a gasar Munik ta Jamus. Nijeriya ma ba a bar ta a baya ba: Jonathan Akinyemi ya wakilce mu a Landan a 2012, Ayomide Bello kuma ta wakilce mu a gasar Tokiyo. A nan Afirka, masu sha'awar ruwa mai ƙarfi kan je Jinja a Yuganda, inda kogin Nilu ke fitowa daga tafkin Biktoriya, ko kogin Zambezi.

Mu ba mu da Zambezi, kuma ba shi muke nema ba. Rafukanmu na damina ne, rani na yi su koma yashi. Abin da muke da shi su ne madatsun ruwa irin Sabke da Daberam, da kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasa aka bari. Abin da ya kamata mu ara daga masu kayak ba tsalle kan duwatsu ba ne, ladabinsu da ruwa ne. Sun kasa ƙarfin kogi mataki shida, sabon shiga ba ya wuce na farko, wato ruwa mai sanyin tafiya. Darasin farko da ake koya wa mutum ba gudu ba ne, yadda zai fita daga jirgi idan ya kife ne, kuma da gangan ake kifar da shi a wuri marar zurfi har sai ya daina firgita. Ba a shiga ruwa ba riga, ko da mutum gwanin iyo ne. Ba a fita mutum ɗaya. Ana duba iska da hadari kafin a tashi. Kowane jirgi da adadin da yake ɗauka, ba a ƙara ko jariri. Ku duba waɗannan dokoki, sannan ku tuna abin da muke yawan ji bayan haɗarin jirgi a Arewa: lodi ya yi yawa, ba riga ko ɗaya, magariba ta yi, fasinjoji ba su iya iyo ba.

Mai ƙorafi na farko zai ce wannan al'adar Turawa ce, mu mutanen tudu ne, dokinmu da rijiyarmu sun ishe mu. Gaskiya ne Daura da rijiyar Kusugu aka san ta, ba da kogi ba. Sai dai a 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, a ƙasar da yanzu take jihar Yobe, ya ci karo da kwale-kwalen da masana suka ce ya kai shekara 8,000, tsawonsa ya haura mita 8. Shi ne mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. A Argungu kuma, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, har da tseren kwale-kwale da gasar iyo ake yi a gaban Sarki, ba wanda ya ce musu sun zama Turawa. Ko a nan gida, masuntanmu da masu fito kullum kan ruwa suke. Malamanmu ma sukan kawo maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, inda ya haɗa koyar da yara iyo da harbi da hawan doki. Hawan doki mun riƙe shi gam, duk mai shakka ya zo ranar hawan sallah. Iyo ne muka bari yaro ya koya a ɓoye, a kududdufi, hannun wani yaron da shi ma bai iya ba.

Na biyu zai ce ana fama da abin sawa a baki, wa ke ta wasan ruwa? Wannan magana tana da nauyi, ba za mu raina ta ba. Yawancinmu nan mun gama difloma muna zaune, mun san zafin aljihu. Amma ba mu ce a sayo jiragen roba daga Turai ba. Kwale-kwalen katako da ke bakin dam ya isa a fara. Abin da za a kashe wa kuɗi shi ne riguna da igiya da ɗan ihsanin mai koyarwa. Ƙungiyoyin ƙwallo na unguwanni kullum karo-karo suke yi su ɗinka rigunan wasa, su yi hayar mota zuwa Zango ko Baure buga wasa, ba wanda ya kira shi almubazzaranci. Kuma rigar da aka saya don wasa ranar Asabar, ita ce za ta yi wa mai fito amfani ranar kasuwa.

Na uku shi ne wanda ya fi damunmu, wato mai cewa idan kwana ya ƙare ko da riga sai an tafi. Mun yi imani da ƙaddara, ba mu ja. Amma mutumin nan da kansa yana kulle shagonsa da kwaɗo biyu, yana kai ɗansa asibiti idan zazzaɓi ya kama shi. Me ya sa sai a kan ruwa ne riƙo da sababi ke zama rashin tawakkali? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma yara da matasa ne abin ya fi shafa. Majalisar Ɗinkin Duniya har rana ta ware, 25 ga Yulin kowace shekara, don yaƙi da nutsewa. Ranar tana faɗowa tsakiyar daminarmu, lokacin da kududdufai ke cika, amma sai ta wuce ba mu ko sani ba.

Akwai ƙorafi na huɗu da mu da kanmu za mu kawo, don kada a ce mun ɓoye. Ruwan da ke kwance yana ɗauke da tsargiya, cutar nan mai sa fitsarin jini, wadda ƙwayoyinta ke rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi. Sannan madatsun nan an gina su ne don ruwan sha da noman rani da kiwon kifi, ba filin wasa ba ne da kowa zai faɗa yadda ya ga dama. Saboda haka dole a nemi izinin hukumar da ke kula da su, a keɓe wuri nesa da bakin famfo da komar masunta, a kuma sa jami'an lafiya a ciki, tunda cutar tana da magani. Yaron da ke cikin ƙungiya za a iya duba shi a ba shi magani. Wanda ke satar jiki ya tafi shi kaɗai, ba wanda zai san halin da yake ciki sai abin ya yi nisa.

To ina mafita? Na farko, matasan garuruwan da ke kusa da dam su kafa ƙungiya, su yi rajista a ƙaramar hukuma, su je wurin masunta da girmamawa su ce sun zo neman ilimi. Dattijon da ya shekara talatin a kan ruwa ya san inda rami yake da lokacin da iska ke juyawa, ba littafin da zai ba ka wannan. Na biyu, masarauta ta shigo. Idan Mai Martaba ya yi umarni ta hannun hakimai da dagatai cewa a rubuta adadin mutane a jikin kowane jirgi, ba riga ba hawa, ba fito bayan faɗuwar rana, maganar za ta fi ta kowace takardar ofis shiga kunne. Na uku, makarantunmu. Muna da kwalejin fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri a Daura. Sufuri ai ba jirgin ƙasa da mota kaɗai ba ne. Ɗalibi zai iya yin aikinsa na kammala karatu a kan jirgin da ba ya saurin kifewa, ko rigar hana nutsewa mai araha da telolinmu za su iya ɗinkawa. Na huɗu, kada a manta da 'yan mata. Su ma suna hawa jirgi zuwa biki da kasuwa, kuma zani da hijabi idan suka jiƙe nauyi suke yi. A ware musu rana da wuri da masu koyarwa mata. Idan abin ya kankama, me zai hana a riƙa tseren kwale-kwale a makon Sallar Gani, kowace ƙaramar hukuma cikin biyar ɗin masarautar ta kawo gwanayenta?

Mu marubuta ma da namu laifin. Sau nawa muka sa ruwa a labari ba don aljani ya ja wani ba? Mun cika wa yara kai da tsoron mutanen ruwa, amma ba mu taɓa rubuta musu yadda ake kwanciya rigingine a saman ruwa a jira taimako ba, ko cewa wanda ke nutsewa sanda ko igiya ko jarka ake miƙa masa, ba faɗawa ake yi a rungume shi ba.

Wata sallar tana tafe, kuma yara za su je bakin dam ko mun so ko mun ƙi. 'Yan uwa na Mai'adua da Sandamu da sauran wuraren da ke kusa da ruwa, ku gaya mana: jirage nawa ne ke fito a wajenku, kuma riguna nawa kuka taɓa gani a cikinsu? Daga wannan lissafin za mu fara.

Allah Ya tsare mana zuri'a. Sai mun ji daga gare ku.