Dajin Birnin Gwari Da Mai Shi

Akwai masu cewa wai masifar da ta auka wa ƙasar Birnin Gwari halin daji ce, tun fil azal daji maɓoyar ɓarayi ne, sai haƙuri. Wannan magana ta ragwaye ce, labarin ƙasar kuwa ya ƙaryata ta.

A 1936, zamanin mulkin Ingilishi, aka keɓe Dajin Kamuku ya zama gandun daji na En'e. Turawa ba su shawarci talakawa ba, wannan kuwa zalunci ne. Amma duk da haka mai dajin yana kusa. Sarki yana da dagatai, dagatai sun san kowane maharbi da kowace ruga, baƙo ba ya kwana biyu labarinsa bai kai fada ba. Bayan juyin mulkin 1966 Gwamnati ta karɓe 'yan doka daga hannun En'e, a 1976 aka rushe En'en kanta, a 1999 kuwa dajin ya koma hannun Gwamnatin Tarayya. Kowane sauyi ƙara nisanta shi ya ke yi da mutanen da suka san hanyoyinsa, har 'yan bindiga suka same shi ba mai tsaro, suka tare hanyar Kaduna da ta Funtuwa.

Mai tsammani soja kaɗai za su ƙwato shi, ya dubi tsibirin Jamaika. Ingilishi sun ƙwace shi daga hannun Sifaniyawa a 1655, amma bayin da suka gudu cikin duwatsu suka gagare su fiye da shekara 80, har a 1739 suka ƙulla amana da shugabansu Kujo, suka yanka musu ƙasa. Waɗancan 'yancinsu su ke nema, ba a haɗa su da masu satar mutane. Abin lura ɗaya ne, watau daji na wanda ya san shi ne.

Sulhun da Gwamnatin Kaduna ta yi a 2024 ya buɗe kasuwar shanu, madalla. Amma sulhu bai ba dajin mai shi ba. Wajibi ne a mayar wa Sarki da dagatai da majalisar ƙaramar hukuma hannu cikin tsaronsa, a ɗauki malaman daji daga 'ya'yan ƙasar, manoma da makiyaya, a riƙa biyansu kan kari. In ba haka ba, ranar da sojan ƙarshe ya tashi, masu bindiga za su komo.